Mindodin Sojojin Wales: Sunan da Ke Bakin Ƙarfen Ake Saya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina karatu a Cardiff, babban birnin Wales. A wani shagon tsofaffin kaya na ga mindodi uku a jere: ɗaya mai siffar tauraro, ɗaya ta azurfa, ta ukun mai ƙyalle launin bakan gizo. An buga sunan wani Jones a jikinsu, da lamba, da haruffan R. W. FUS. Mai shagon ya ce mutumin ya yi yaƙi a dajin Mametz na Faransa, saboda haka ya tsuga kuɗi. A kwalin kuma akwai tauraron Bama irin wanda kakana ya bari, amma babu suna a jiki. Ta yaya zan gane na gaske ne, kuma sun kai kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka biya kuɗin Mametz tukuna. Ba ƙarya na ce mai shagon ya yi ba, mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa. Sai dai a wannan harka maganar baki ba ta da farashi, takarda ke da shi, kuma takardar da za ta raba gardama tana nan, kai da kanka kana iya nemo ta a yini ɗaya.

Ƙarfen da ka gani ba shi da wuyar samu. Mindodin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, waɗanda Birtaniya ta raba wa duk wanda ya je fagen fama, ko ya yi bajinta ko bai yi ba. Ta azurfar, wadda suke kira British War Medal, an raba wajen miliyan shida da rabi. Mai ƙyallen bakan gizo, Victory Medal, ta haura miliyan biyar. Tauraron kuma iri biyu ne, sai ka duba rubutun da ke tsakiyarsa. In ka ga AUG da NOV sun sa 1914 a tsakiya, to na waɗanda suka isa Faransa ko Beljiyam ne tsakanin 5 ga Agusta da 22 ga Nuwamba 1914, kuma waɗannan ba su kai 400,000 ba. In ka ga 1914-15, na wanda ya shiga fagen yaƙi kafin ƙarshen Disamba 1915 ne, su kuwa sun haura miliyan biyu. Ba a ba mutum ɗaya duka biyun. Mazan jiyan Ingila, da yake sun san kowa yana da su, har sunan barkwanci suka laƙaba wa ukun, Pip, Squeak da Wilfred, sunayen wasu dabbobi na zanen ban dariya a jaridar Daily Mirror. Ka ga ke nan ko masu su ba su ɗauke su abin a zo a gani ba.

Abin da ya sa mutane ke tara su har suna kashe dukiya shi ne wata al'ada ta Birtaniya da yawancin ƙasashe ba su bi ba: kowace minda sai an buga mata lambar sojan, da muƙaminsa, da sunansa, da rajimantinsa. A zagayayyun biyu rubutun yana kan baki, a tauraron yana baya. Mindar Bajamushe ko Bafaranshe ta wannan yaƙi, in ta rabu da takardarta, ta zama ƙarfe kawai. Ta Birtaniya kuwa tana yawo da mai ita ko bayan shekara ɗari. Mai saye mutum yake saya, da labarinsa. Mindodi biyu da suka fito daga inji ɗaya, ɗaya ta wanda ya ƙare yaƙin yana tsaron sito, ɗaya ta wanda ya faɗi a harin da duk Wales ke tunawa, bambancin kuɗinsu yakan ninka sau da yawa.

A nan ne sunan Jones zai wahalshe ka. A rajimantocin Wales, Jones da Williams da Davies da Evans da Roberts sun yi yawan da kiran suna kaɗai ba ya fid da mutum daga layi, sai a haɗa da lambarsa. Tsohuwar al'ada ce. A yaƙin Rorke's Drift na 1879 a Afirka ta Kudu, farabiti biyu 'yan kamfani ɗaya, duka Jones, duka suka sami Victoria Cross, mindar bajinta mafi girma a Birtaniya: William Jones mai lamba 593 da Robert Jones mai lamba 716. Har yau da lambobin ake rarrabe su. Saboda haka ka koma shagon ka kwafi lambar daidai, harafi da harafi, daga kowace minda cikin ukun, ka ga ko sun yi daidai da juna. Sau da yawa dillali kan haɗa tauraron wani Jones da azurfar wani Jones ya jera su a ƙyalle ɗaya. In muƙami ne ya bambanta, misali farabiti a tauraro, kofur ko saje a sauran biyun, wannan ba komai ba ne, don tauraron yana ɗauke da muƙamin da ya sauka da shi, sauran kuma wanda ya kai daga baya. Ka kuma sani kafin 1920 lambar soja ba tasa ba ce shi kaɗai a duk rundunar ƙasar. Kowace rajimanti da nata lissafin, wani lokaci ma bataliya biyu a rajimanti ɗaya suna da mutum biyu masu lamba ɗaya. Sojojin sa-kai na yankuna kuma an sake musu lambobi masu alƙaluma shida a 1917, don haka mutum ɗaya yana iya fitowa da lamba biyu a takardu.

R. W. FUS. na nufin Royal Welch Fusiliers, rajimanti ta 23, wadda aka kafa a 1689, kuma arewacin Wales ne gidanta. Ka lura da kyau, don akwai R. W. KENT da R. WAR. R. waɗanda na Ingila ne, kuma idan rubutu ya lashe ido yana iya ruɗewa. Sauran 'yan'uwanta su ne South Wales Borderers, ta 24, da za ka ga an taƙaita S. WALES BORD., da Welch Regiment da aka samar a 1881 daga ta 41 da ta 69, sai Monmouthshire Regiment ta 'yan sa-kai, da Welsh Guards da aka kafa a 1915. Wani ɗan sirri da ke kama masu jabu: lokacin Yaƙin Farko a hukumance Welsh ake rubutawa da s, tsohon rubutun Welch da c sai bayan yaƙin aka amince da shi. Shi ya sa a mindodin wannan yaƙi WELSH R. za ka gani. Yau, ban da Welsh Guards, duk an narkar da su. A 1969 aka haɗe ta 24 da Welch Regiment, a 2006 kuma aka haɗa su da Fusiliers suka zama Royal Welsh. Bunsurun da ke gaban faretinsu dai yana nan, da baƙaƙen ƙyallaye biyar da suke ɗinkawa a bayan wuyan riga, gadon zamanin da soja ke ɗaure gashinsa a ƙeya.

Kada kuma ka ɗauka duk wanda ya yi aiki a rajimantin Wales ɗan Wales ne. Kafin 1914 Fusiliers sun ɗebi mutane da yawa a Birmingham, bataliyarsu ta 15 kuma a Landan aka tara ta. Jones ɗinka dai da alama ɗan gida ne.

Yanzu takardu. Kowane sojan da aka ba minda yana da ɗan kati, kwafinsa na ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, a rukunin da ake kira WO 372, kuma ana samun hotonsa ta intanet. Katin zai nuna maka suna, lamba, mindodin da ya cancanta, kuma ga mai tauraro yakan nuna ranar da ya fara sauka a fagen yaƙi da ƙasar da ya sauka. Daga katin sai ka wuce babban kundin rabon mindodi, WO 329, wanda yakan faɗi bataliyarsa. Bataliya ita ce mabuɗi, don Fusiliers kaɗai sun tara wajen bataliya 40 a wannan yaƙi, suka rasa mutum kusan 10,000, a wurare daban-daban tun daga Faransa har Falasɗinu. In ka san bataliya, sai ka buɗe littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, WO 95. Da wuya ka ga sunan farabiti a ciki, hafsoshi ake ambata, amma zai gaya maka inda mutanensa suka kwana da abin da ya same su. Fayil ɗin aikinsa na kansa kuwa sai an yi sa'a, don bam ɗin Jamus ya faɗa wa ma'ajiyar da ke titin Arnside a Landan a Satumba 1940, kusan kashi biyu cikin uku suka ƙone. In ya mutu a yaƙin, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da sunansa da inda aka binne shi, kyauta. Ni kuma abin da na fi jin daɗinsa shi ne tsofaffin jaridun Wales da babban ɗakin karatu na Aberystwyth ya ɗora a intanet har zuwa na 1919. Jaridun ƙananan garuruwa kan buga wasiƙar da soja ya aiko wa mahaifiyarsa, wani lokaci har da hotonsa da sunan ramin kwal ko majami'ar da ya fito.

Ga yadda za ka gwada maganar Mametz. A Satumba 1914 Lloyd George, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, ya yi kiran a kafa wa Wales rundunarta ta kanta, abin da ya haifar da runduna ta 38. Masu haƙar kwal ne da masu fasa dutse da akawuna da manoma, ba sojan sana'a ba, wasunsu ma sun fi jin harshensu na Wales a kan Turanci. Sun ƙetara zuwa Faransa a Disamba 1915, wato da ƙyar suka riski tauraron. Saboda haka in katin Jones ɗinka ya nuna Faransa, farkon Disamba 1915, kundin kuma ya sa shi a bataliya ta 13, 14, 15, 16 ko 17, to maganar mai shagon ta fara tsayawa da ƙafarta. In kuwa katin ya nuna Agusta 1915 a ɓangaren Balkan, to wajen Gallipoli a Turkiyya ya nufa, mai yiwuwa tare da ɗaya rundunar Wales ɗin, ta 53, kuma da wuya ya taɓa ganin wannan daji.

Dajin Mametz shi ne mafi girma a fagen yaƙin Somme. Ranar 7 ga Yuli 1916 aka tura bataliyar birnin Cardiff, ta 16 a Welsh Regiment, tare da ta 11 a South Wales Borderers, su ratsa fili fetal da rana tsaka zuwa bakin dajin. Bindigogi masu jigida suka tare su daga gefe, ba su kai ko itacen farko ba. Manya a baya suka ce rashin himma ne, aka tuɓe kwamandan rundunar, Manjo Janar Ivor Philipps. Da asubahin 10 ga wata aka sake jefa su gaba ɗaya. Wannan karon sun shiga, aka yi ta gwabzawa cikin sarƙaƙiya da karyayyun itatuwa, gaba da gaba, harsasan igwa na fashewa a kan rassa, har da na ɓangarensu. Zuwa 12 ga wata daji ya koma hannunsu, amma wajen mutum 4,000 sun mutu ko sun jikkata. Duk da haka zargin nan bai bar su ba sai bayan shekara guda, da suka yi abin kirki a tudun Pilckem na Beljiyam ranar 31 ga Yuli 1917. A ranar ce aka kashe wani makiyayi ɗan Trawsfynydd, farabiti a bataliya ta 15 ta Fusiliers, Ellis Evans, wanda aka fi sani da Hedd Wyn. Makonni kaɗan bayan haka aka kira sunansa a matsayin wanda ya ci kujerar gasar waƙa ta ƙasa, ba wanda ya tashi, aka lulluɓe kujerar da baƙin mayafi. A 1987 aka kafa jan dodon Wales na ƙarfe yana fuskantar dajin Mametz, riƙe da waya mai ƙaya. Wannan tarihi ne mai shagon ke son ka biya, kuma a Cardiff ya san akwai masu biya.

Amma ko bataliyar ta dace, akwai matakai. Kasancewa cikin bataliya daban, tabbacin yana cikin dajin a wannan mako daban, don wani yana asibiti, wani yana hutu. Mindodi biyu na soja gama-gari 'yan gomomin fam ne. Uku sun ɗara haka. In sunansa ya fito cikin waɗanda suka jikkata a lokacin, kuɗi ya ɗaga. In ya mutu tsakanin 7 da 12 ga Yuli, ya ƙara ɗagawa, musamman in akwai faifan tagullar nan mai faɗin kusan santimita 12 da ake aika wa iyalan mamaci, wanda ke ɗauke da suna kawai ba muƙami. In akwai mindar bajinta, kamar Military Medal da aka fara bayarwa a 1916, to an shiga wani aji, kuma dole sunansa ya kasance a jaridar gwamnati, London Gazette. Na daɗe a wannan harka amma har yau abin yana ɗan sosa mini rai, cewa a kasuwar nan mamaci ya fi mai rai daraja. Haka take. Kafin ka taya, ka duba abin da irinsu suka tashi a gwanjon gidaje kamar Noonans da Spink, waɗanda ke barin tsofaffin sakamakonsu a buɗe. Abin da aka biya za ka duba, ba abin da dillali ya rubuta a takarda ba.

Ƙololuwar abin da masu tara kayan Wales ke nema ita ce mindar Afirka ta Kudu ta rajimanti ta 24. Ranar 22 ga Janairu 1879 mayaƙan Zulu suka shafe sansanin Birtaniya a Isandlwana, ta 24 ta rasa mutum wajen 600. A daren ranar kuma mutum kimanin 150 suka tsare Rorke's Drift, aka raba Victoria Cross 11, bakwai ga 'yan wannan rajimanti. Mindar wanda ya mutu a Isandlwana dubban fam ce. Abu biyu dai nakan tuna wa masu zumuɗi. A lokacin sunan rajimantin na Warwickshire ne a Ingila, barikinta ne kawai ya koma Brecon a 1873, sunan Wales sai 1881, kuma 'yan Wales ba su ne mafi yawa a cikin masu tsaron ba. Na biyu, ƙasar Zulu aka shiga da yaƙi, su kuwa dubban da suka faɗi suna kare gidansu ba wanda ya buga sunansu a bakin azurfa.

Inda kuɗi ya yi yawa, jabu na nan. Mafi yawan ha'incin ba ƙera sabuwar minda ba ne, goge sunan wani ake yi a sa na wanda ya fi tsada. Na taɓa faɗawa. A farkon shigata na sayi azurfa ɗaya a wata kasuwar ƙarshen mako, cinikin biri a sama, don labarin da aka ba ni ya yi daɗi. Da na kai gida na sa ma'auni, sai na ga faɗinta daga gefe zuwa gefe bai kai daga sama zuwa ƙasa ba. An kankare bakin. Faɗin ta gaske milimita 36 ne ta kowace fuska. Ka tafi da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Rubutun hukuma na wannan yaƙi da inji aka buga shi, manyan haruffa masu zurfi ɗaya, ba sassaƙar hannu ba. In ka ga ƙasan haruffan da tsini kamar an yanka da wuƙa, ko inuwar wani tsohon rubutu a ƙarƙashi, ko bakin ya yi sirara a wuri ɗaya, ka ajiye. Tauraron da aka zuba a kwaɓa kuma yakan yi ƙuraje-ƙuraje a baya, zanensa ya dushe.

Tauraron Bama kuwa rashin sunan ba aibi ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ta bar al'adar, ta aika wa sojojinta taurari da mindodi ba suna, cikin ɗan kwali da 'yar takarda. Shi ya sa su kaɗai ba su da tsada, kuma ba wanda zai iya rantse maka na wane ne sai da kwalin mai adireshi, ko littafin albashi, ko wata minda mai suna a cikin jerin, kamar ta bajinta ko ta daɗewa a aiki. Ba mamaki ka same shi a Cardiff. Bataliya ta 1 ta Fusiliers ta yi yaƙin Kohima a 1944, ta 2 da kuma ta 6 ta South Wales Borderers suna cikin runduna ta 36 a arewacin Bama. Tauraro ɗaya ne da na kakanka, wanda ina kyautata zaton ya je da runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a Kaladan da Arakan da Myohaung a Bama. Ba ma nan Fusiliers da sojojin Afirka ta Yamma suka fara haɗa fage ba. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a Ghana ta yau, bataliya ta 2 ta Fusiliers tana cikin rundunar Janar Wolseley da ta shiga Kumasi, Hausawan Kyaftin Glover kuma suka biyo ta wajen kogin Volta. Nasa tauraron, ku nemi takardar sallamarsa daga soja ku ajiye su wuri ɗaya. In takardar ta ɓata, wani dattijo a gidan ya faɗi lambarsa da bataliyarsa a rubuta tun yana da rai.

In ka saya, kada ka goge su da man goge ƙarfe, baƙin da azurfa ta yi masu saye sun fi son sa, kuma gugar tana cinye fuskar sarkin da ke jikinta. Tsohon ƙyalle ko ya koɗe ka bar shi. Kada ka raba su, don raba jeri shi ne babban laifi a wajen masu wannan harka. Dubbai sun riga sun rabu tun da azurfa ta yi tashin gwauron zabo wajen 1980 aka narkar da na azurfar da yawa, har yau akwai masu neman cikon nasu. Kada kuma ka rataya a ƙirjinka. Ko 'ya'yan mai su, a dama suke sawa ranar tunawa da mazan jiya, hagu ta wanda ya je ce. Yawancin waɗannan kaya talauci ko ƙarewar zuriya ne ya fito da su kasuwa. Shi kansa William Jones mai lamba 593 sai da ya jinginar da Victoria Cross ɗinsa, ya taɓa zaman gidan gajiyayyu, ya rasu a Manchester a 1913 cikin fatara. Mindar tasa yanzu tana gidan tarihin rajimantin a Brecon.

Ka roƙi mai shagon ya bar ka ka ɗauki hoton bakin kowace da bayan tauraron. Mai kayan gaskiya ba zai hana ba. Kafin ka koma masa, ka shiga gidan tarihin soja da ke cikin ganuwar Cardiff, Firing Line, ka ƙare wa rubutun na gaske kallo har idonka ya saba. Na Fusiliers ɗin kansu yana ganuwar Caernarfon a arewa, in ka sami hutu. Sannan ka turo mini lambar da abin da katin ya ce, mu duba bataliyar tare.